Buruj: garin tarihi ne ko kasuwar cakulan?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum mutanen gida. Yau ƙorafi na kawo, kuma da Yaya Injiniya nake. Tun da na zo Beljiyam karatu bara yake cika mini kunne da Buruj, wai wanda bai je ba bai ga ƙasar ba. To shekaranjiya Asabar na je. Na hau jirgin ƙasa daga Burasels wajen goma na safe, awa ɗaya muka isa. Tun daga bakin tasha jikina ya yi sanyi. Mutane kamar ranar hawan Daushe, kowace tawaga tana bin wani mai ɗaga laima sama don kada su ɓace. Titin da ya kai ni dandalin tsakiyar gari kuwa: shagon cakulan, shagon giya, shagon cakulan, shagon tsaraba, shagon cakulan. Na yi layi kusan minti arba'in, na biya Yuro 15, aka jera mu a kwale-kwale kamar 'yan cin kasuwar ƙauye a bayan a-kori-kura, aka zaga da mu rabin awa, aka dawo da mu inda aka ɗauko mu. Bayan gida ma sai da na biya. Na dawo da ciwon ƙafa da hotuna hamsin, kowanne da ƙeyar wani a ciki. Yaya, wannan ne garin?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka tashi ka je ranar Asabar, a watan Agusta, da rana tsaka, sannan ka dawo ka kama ni da laifi? Ƙarfe nawa ka baro garin?

Ɗan Gwammaja:
Biyar saura kwata ina hanyar tasha.

Injiniya:
Ka ji ko. Daidai lokacin da garin yake dawowa hayyacinsa ka tattara ka tafi. Yawancin cunkoson nan 'yan yini ɗaya ne, waɗanda motocin safa suke kwasowa da safe, da waɗanda manyan jiragen ruwan shaƙatawa suke saukewa a tashar Zeebrugge. Da la'asar sakaliya duk sai a kwashe su. Ni zuwana na farko aiki ne ya kai ni, cikin Fabrairu, na kwana biyu. Na fito bayan sallar asuba gari bai gama wayewa ba, na gangara Rozenhoedkaai, wannan kwanar ruwan da kowa yake ɗaukar hoto. Ba kowa sai wani dattijo yana share ƙofar shagonsa, da wata mata da ta gifta a keke da burodi a kwando. Ruwan ya kwanta luf, gidajen jan bulo sun kife a cikinsa, hazo yana tashi kaɗan-kaɗan. Can sai ƙararrawar hasumiya ta soma bugawa. Na fi minti ashirin a tsaye, sanyi ne ya kore ni. Wannan Buruj ɗin na ce ka je ka gani.

Maman Hanifa:
Injiniya, a bar yaron nan ya faɗi abin da idonsa ya gani. Sau uku ina raka baƙi garin, kuma duk sau ukun da ciwon kai na dawo. Mazauna cikin tsohon garin wajen 20,000 ne, masu zuwa kallo kuwa wajen miliyan 8 a shekara. Ko su masu garin abin ya ishe su. A 2019 magajin garinsu, Dirk De fauw, ya taƙaita jiragen shaƙatawar da za su tsaya a Zeebrugge lokaci guda zuwa biyu, suka kuma daina tallata garin ga 'yan yini ɗaya. A 2025 har roƙo hukumar garin ta fito ta yi, wai masu yawon buɗe ido su daina ɓanɓare duwatsun daɓen titi suna tafiya da su tsaraba. Dutse fa! Kuma ba kowa ne yake da kuɗin kwana ba. Ɗalibi ne, otal a Buruj ba abin wasa ba ne.

Barista:
Ni cunkoson ma bai dame ni ba kamar kwalliyar. Ana sayar wa mutane garin da sunan ya tsaya cak tun shekara ɗari shida, alhali wani abin ko kakan kakana ya girme shi. Wannan katafaren ginin mai tsinaye da ke dandalin Markt, wanda kowa yake tsayawa gabansa yana hoto, a 1887 aka fara shi, aka gama a 1921. Ita kuwa 'yar gadar Bonifacius da masoya suke layi a kanta suna ganin ta zamanin da ce, 1910 aka gina ta. An kwaikwayi tsufa ne kawai, kamar mai shafa wa sabuwar tukunya baƙin hayaƙi.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya saka da alheri, Barista. Ashe ba ni kaɗai ba ne.

Malam Mai Tarihi:
Barista, shekarun da ka kawo daidai suke, amma rabin zancen ka faɗa. Ku ba ni dama in ɗan ja magana.

Da farko dai, ruwan nan da aka zaga da Ɗan Gwammaja a kai ba don kallo aka haƙa shi ba. Titin kaya ne. A 1134 wata guguwa ta fasa gaɓar teku ta buɗe wani mashigi da ake kira Zwin, wanda ya shigo har kusa da Buruj. Manyan jirage suna tsayawa a Damme, daga baya a Sluis, a sauke kaya a ƙananan jirage masu shafaffen gindi, su shigo da su har tsakiyar gari. Wurin da ginin 1887 ɗin yake yanzu, da can wata babbar rumfa ce mai suna Waterhalle, wadda aka gina a kan ruwan kansa, jirage suna shiga ƙarƙashin rufinta a sauke kaya ko ana ruwan sama. A 1787 aka rushe ta. Akwai kuma wani dandali da har yau ake kira Kraanplein, saboda na'urar ɗaga kaya ta katako da ta taɓa tsayuwa a wurin. Ba inji, mutane ne suke shiga cikin manyan ƙafafunta suna taka su, ita kuma tana ɗago ganguna daga jirgi.

Me ake saye da sayarwa? Ulu daga Ingila, a saƙa shi a Filandas, yankin da Buruj take, a fitar da yadi mai tsada. Jiragen Jenowa ta Italiya sun fara zuwa a 1277, na Fenis, ita ma ta Italiya, suka biyo baya, da kayan yaji da siliki. Fataken Jamus suna kawo fatu da kakin zuma da katako. Kowace ƙabila da gidanta da unguwarta. Wasu iyali da ake kira Van der Beurse aikin fatoma suke yi, irin wanda muka sani: baƙon falke ya sauka gidanka, ka aje masa kaya, ka nemo masa mai saye, ka tsaya masa. A ƙofar gidansu 'yan kasuwa suke taruwa ana canjin kuɗi da cinikin takardun bashi, kuma daga sunan gidan nan Faransanci da Jamusanci da wasu harsuna suka samo sunan da suke kiran kasuwar hannun jari da shi har yau, wato bourse a Faransanci. Gidan yana nan, minti biyar daga Markt, kuma na rantse ba wanda ya nuna wa Ɗan Gwammaja shi.

Ɗan Damagaram:
Malam, wato kalmar da muke ji kullum a labarun RFI sunan gidan fatoma ne? Lalle yau na ƙaru.

Malam Mai Tarihi:
Shi ne. To sai yashi da laka suka riƙa cike Zwin. An yi ta yasa, an haƙa sababbin hanyoyi, abu ya ƙi. Wajen 1500 manyan jirage sun daina isowa. Amma ba laka kaɗai ta kashe kasuwar ba, har da rigimar mulki. Gimbiyarsu Maryamu ta Bagandi ta faɗo daga doki ta rasu a 1482 tana da shekara 25. Mutanen gari ba su jitu da mijinta Maximilian na Ostiriya ba, har a 1488 suka kama shi suka tsare wata uku, farko a wani gida da ke bakin dandalin Markt. Shi kuma ya umarci baƙin 'yan kasuwa su tattara su koma Antwap. Da yawa da suka tafi ba su dawo ba.

A nan amsar Barista take. Garin da ya talauce ba ya rushe gida ya gina sabo. Lokacin da Gent ta cika da masaƙun inji da dogayen bututun hayaƙi a ƙarni na 19, Buruj tana cikin garuruwa mafiya talauci a Beljiyam, ba mai kuɗin da zai faɗaɗa titi ko ya dasa masana'anta. Yaƙin duniya biyu kuma ba su rusa tsakiyarta ba, alhali Iper da ke kusa sai da aka mai da ita kufai aka sake ginawa. Saboda haka tsarin lunguna da hanyoyin ruwan na asali ne. Hasumiyar Belfort tun wajen 1240 aka fara ta. Zauren majalisar gari 1376. Asibitin Sint-Jan tun ƙarni na 12. An yi kwaskwarima, ƙwarai, amma a jikin tsohuwa aka yi ta. Da ba haka ba UNESCO ba za ta sa dukan tsakiyar garin a jerinta a 2000 ba.

Barista:
Malam, na karɓi na talaucin. Amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: talauci ne ya adana garin, yanzu kuma adanawar ce ake ci da ita. Wanda yake zaune a irin gidajen nan ba shi da ikon sauya ko taga sai da izini. Ni a wurina garin da ba a bari ya canza ba ya zama ɗakin aje kayan tarihi da mutane a ciki.

Injiniya:
Mutane 118,000 ne a Buruj gaba ɗaya, Barista, da makarantu da asibitoci da tashar jiragen ruwa. Titi huɗu ko biyar ne suka zama kasuwar cakulan. Ka ratse hagu ko dama sau biyu, sai ka ji shiru har ka ji ƙarar takalminka.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni ku tsaya da tarihin nan. An ce mini garin leshi ne. Maman Hanifa, da gaske? In na zo Disamba ki kai ni in saro.

Maman Hanifa:
Hajiyata, kada ki ɓata kuɗin jirgi. Ba irin leshinmu ba ne. Wanda muke ɗinkawa na biki, asalinsa aikin inji ne daga Lustenau ta Ostiriya da St. Gallen ta Suwizalan. Na Buruj saƙar hannu ce da farin zare siriri, abin ado na bakin riga ko shimfiɗar tebur. Na je cibiyarsu da ke titin Balstraat na zauna kusa da wata tsohuwa ina kallo. Matashi ne a gabanta, an kafa masa allurai birjik a kan zanen takarda, ga 'yan sanduna kamar mazari sun fi talatin, kowanne da zarensa. Yatsunta suna wurga wannan kan wancan, ƙas-ƙas-ƙas, ba ta ko kallo, tana hira da ta kusa da ita. Na yi rabin awa a wurin, abin da ta ƙara bai kai faɗin farcena ba. Shi ya sa na gaskiyar ɗan mitsitsi ma tsada gare shi. Mai arahan da ke rataye a shagunan bakin titi galibi na inji ne, an shigo da shi daga waje.

Malam Mai Tarihi:
Kuma saƙar nan sana'ar yunwa ce a da. A shekarun talaucin da na faɗa, dubban mata da 'yan mata ne suke zama a bakin ƙofa suna yin ta don ɗan abin sayen burodi. Amma Hajiya, ga wani labari da zai yi miki daɗi. Ana ba da labarin cewa da sarauniyar Faransa ta ziyarci garin a 1301 ta ga suturar matan attajirai, sai ta yi ƙorafin ta zaci ita kaɗai ce sarauniya, ga shi ta tarar da ɗaruruwa.

Hajiya Mai Atamfa:
Ashe gasar anko ba yau aka fara ba. To shi ke nan, a kawo mini cakulan.

Ɗan Damagaram:
Ni abin da ya same ni daban ne. Na shiga wani shagon burodi na gaishe da matar da Faransanci, na zuba mata bayani tiryan-tiryan, ina ganin ai Beljik ce. Ta bar ni na gama, sannan ta amsa mini da Ingilishi. Na sake yi da Faransanci, ta sake maido mini da Ingilishi. Ba ta yi mini rashin kunya ba, amma na gane saƙon. Ni da Ingilishina bai wuce na gaisuwa ba, da nuni muka ƙarasa cinikin.

Maman Hanifa:
Yankin Filandas ne, harshen Holanci suke yi, garin ma su Brugge suke ce masa. Da yawansu suna jin Faransanci sarai, musamman manya. In ka fara da tambaya ko za a iya yi da Faransanci, yawanci za su yi. Abin da ba sa so shi ne a ɗauka dole ne.

Malam Mai Tarihi:
Ka gode wa Allah a wannan zamanin ka je. Mutum-mutumin mutum biyu da ke tsakiyar Markt, Jan Breydel mahauci da Pieter de Coninck masaƙi, na tunawa da daren 18 ga Mayu 1302 ne, da mutanen gari suka auka wa sojojin Faransa da ke kwana a gidajensu. Ana cewa wata 'yar jimla ta Holanci suke sa mutum ya faɗa, wanda harshensa ya karye ya shiga uku. Wata biyu bayan nan, 11 ga Yuli, masaƙa da mahauta da ke yaƙi a ƙasa suka karya mahaya dawakin Faransa a Kortrijk. Har yau ranar ce ranar bikin Filandas.

Alhaji Na Kwatano:
Ni duk shekarun da na yi ina zuwa Beljiyam ban taɓa taka garin nan ba. Daga filin jirgi sai unguwar Heyvaert a Burasels, in zaɓi motoci, a kai Antwap a loda sai Kwatano. Sai yanzu nake jin wai Zeebrugge ta Buruj ce.

Injiniya:
Tasu ce, Alhaji. Sunan ma ma'anarsa Buruj ta bakin teku. Bayan shekara ɗari huɗu da toshewar Zwin, sai suka gina sabuwar tasha a gaɓa aka buɗe a 1907, suka haɗa ta da garin da wata miƙaƙƙiyar hanyar ruwa. Yanzu tana cikin manyan tashoshin lodin sababbin motoci na duniya, kuma a 2022 aka haɗe ta da ta Antwap ƙarƙashin hukuma ɗaya. Garin da ya ƙwace musu kasuwa a 1500 yau abokin tarayyarsu ne. Ku kuna ɗibar tsofaffi a can, sababbi suna shigowa ta nan.

Abu Maryam:
Tambaya gare ni, don iyali za mu je. Yaya kuka yi da salla da abinci? Kuma na ji rabin wuraren da ake shiga majami'u ne.

Maman Hanifa:
Daga Burasels tafiyar ta haura kilomita 90, mu ƙasaru muke yi mu haɗa azahar da la'asar. Ina tafiya da 'yar sallaya a jaka, mu nemi gefe a lambun Minnewater, kusa da tasha, inda fararen agwagin nan masu dogon wuya suke. Ba wanda ya taɓa ce mana kanzil. Ka riƙe gorar ruwa, don ba za ka tarar da buta a bayan gidansu ba, ka kuma riƙe 'yan sulalla na biya.

Abinci kuwa sai da lura. Dafaffen naman nan nasu mai romo baƙi-baƙi, stoofvlees, da giya ake dafa shi. Soyayyen dankalinsu na gargajiya da kitsen shanu ake soyawa, ka tambaya tukuna, wasu da man gyaɗa ko makamancinsa suke yi. Cakulan masu ruwa a ciki wasu da barasa, ka ce a ware maka marasa ita, sun saba da tambayar. Garin giya ne na sosai: akwai wani kamfani, De Halve Maan, da a 2016 ya binne bututu mai tsawon kilomita 3 a ƙarƙashin titi don tura giya zuwa inda ake ɗura ta a kwalba. Mu dai shinkafarmu muke dafawa mu tafi da ita, a can mu sayi wafel, wannan gasasshen fanken mai ramuka, yara su ji daɗi.

Abu Maryam:
Na gode, Anti. Majami'un fa? Ni dai raina bai kwanta da shiga ba.

Barista:
Ni na shiga ta Onze-Lieve-Vrouw, mai hasumiyar bulo mita 115. Wani ɓangarenta tikiti ake saya kamar gidan tarihi. A nan sassaƙen Michelangelo, shahararren mai sassaƙa na Italiya, yake, na farin dutse, wanda wasu attajiran yadi na Buruj suka sayo daga Italiya tun mai shi yana raye. Sau biyu ana sace shi: Faransawa a 1794, sojojin Hitila a 1944, aka gano shi a ramin haƙar gishiri a Ostiriya. Kabarin ita Maryamun da Malam ya ambata ma yana ciki. Na kalla na fito, ban ga ya rage ni da komai ba.

Abu Maryam:
Kowa da fahimtarsa, Barista. Ni zan tsaya daga waje.

Injiniya:
A matsayina na mai kula da gidan nan, kada a mai da zancen filin fatawa, kowa ya tambayi malaminsa. Abu Maryam, ko ba ka shiga majami'a ko ɗaya ba yininka zai cika. Belfort ba ta coci ba ce, ta 'yan gari ce, a kan rumfunan kasuwa aka gina ta. Ƙararrawarta ce take faɗa wa ma'aikata lokacin fara aiki da tashi, ita ce kuma ta gobara. Mita 83, matakala 366, ƙararrawa 47. A hanyar hawa akwai ɗakin da ake kulle takardun 'yancin gari a bayan ƙofofin ƙarfe. Sai dai matakalar tana ƙara matsewa in an yi sama, mai ciwon gwiwa ya haƙura. Sannan ka bi bakin tsohuwar ganuwa. Ƙofofi huɗu ne suka rage, har da wadda suke kira Ezelpoort, wato Ƙofar Jaki. Wajen Kruispoort akwai injinan niƙa na iska guda huɗu a kan tudu, ɗaya tun 1770 yake wurin. Yara za su yi ta gudu a ciyawa, ba ko sisi.

Maman Hanifa:
Ni in za a bar ni in zaɓi abu ɗaya, gidajen sadakar nan ne, godshuizen. Ba su da alama, sai ka ga wata 'yar ƙofa a jikin farin bango da suna da shekara a rubuce a sama. Ka tura ka shiga, sai ga tsakar gida da furanni da famfon ruwa na da, ƙananan ɗakuna farare sun kewaye ta. Attajirai da ƙungiyoyin masu sana'a ne suka gina wa tsofaffi da gwauraye da ba su da hali, sharaɗin kawai su riƙa yi wa mai ginin addu'a. Waƙafi dai sak. Na De Meulenaere 1613 aka rubuta, kuma har yau tsofaffi ne a ciki. Da na kai surukata, duk hasumiyoyin nan ba su burge ta ba, amma a nan ta zauna kan benci ta ƙi tashi. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga da kyanwarta, suka ɗaga wa juna hannu. Hajiya ta ce mini, wannan mai ginin ya san abin da ya yi wa kansa.

Malam Mai Tarihi:
Haka ma Begijnhof, tun 1245. Da can unguwar mata ce zalla, waɗanda ba su yi aure ba ko mazansu suka rasu, suka zaɓi zaman ibada ba tare da alkawarin har abada ba, suna cin guminsu, mai son fita ta yi aure tana iya fita. Akwai allo a ƙofa ana roƙon a yi shiru. Sai dai da rana tsaka ko allon ba a gani don mutane.

Barista:
Kun ga ai maganata ce ta dawo. Tsohuwa tana zaune a ɗakinta, baƙo yana leƙa mata tsakar gida da kyamara. Mu ma da muke sukar cunkoson, mu ne cunkoson.

Maman Hanifa:
Wannan kam ba ni da amsarsa. Ni dai ban ɗauki hoto a ciki ba.

Ɗan Gwammaja:
To na ji. Amma har yanzu ina nan a kan bakana game da kwale-kwalen.

Injiniya:
Kwale-kwalen ba Fenis ba ne, ba mai hawansa zuwa aiki. Amfaninsa ɗaya: bayan gidaje da ƙofofin da ke buɗewa kan ruwa, ta nan kawai ake ganinsu. In kana son ka gane abin da Malam ya faɗa, hayi keke ka bi hanyar ruwan Damme, kilomita shida ko bakwai, dogayen itatuwa a jere hagu da dama. Ka isa ka tsaya ka duba: garin da jiragen teku suke sauke kaya, yau gonaki da shanu ne suka kewaye shi, ko ƙamshin teku babu.

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum. Na tono tsohon zancen nan ne don in sauke nauyi. Na koma, ranar Talata, yanzu cikin Nuwamba. Na sami gado a masaukin ɗalibai, mu shida a ɗaki, wani ɗan Sifen ya yi ta minshari har asuba. Magariba ta yi tun kafin biyar. Na fita bayan isha ana yayyafi, fitilu sun haska ƙarƙashin gadoji, daɓen duwatsun yana sheƙi, na yi tafiyar kusan awa ɗaya a bakin Groenerei da unguwar Sint-Anna ban haɗu da mutum goma ba. Na nemo gidan fatoman Malam, na tsaya gabansa kamar wani mai bin bashi. Da safe Laraba ashe kasuwa ce take ci a Markt ɗin kanta, kayan lambu da cuku da kifi da gasassun kaji, tsofaffi da jakunkunansu masu taya suna ciniki da Holanci, ba mai ɗaga laima. Na hau Belfort, na ƙirga matakalar na ɓace a ɗari biyu da wani abu. Ina sama ƙararrawa ta tashi, sai da na toshe kunne. Daga can na hango layin itatuwan hanyar Damme.

Yaya Injiniya, na janye rabin ƙorafina. Ɗaya rabin na Barista ne, yana nan, don sha ɗaya na yi masu laima suka fara shigowa.

Injiniya:
Rabin ma na gode. Keken fa?

Ɗan Gwammaja:
Iska ta hana. Sai bazara.

Hajiya Mai Atamfa:
Duk na ji. Cakulan ɗina fa?

Ɗan Gwammaja:
Yana nan, Hajiya, rabin kilo, na sa an ware marasa barasa. Zan ba Alhaji Na Kwatano ya taho miki da shi.

Alhaji Na Kwatano:
A naɗe shi da kyau, a rubuta sunanta a jiki. Yarana ba su da amana a kan kayan zaƙi.